Dalma a ƙasa, ƙugiya a sama: sharhi kan ɗaurin fatsar da bidiyoyin Amurka ke tallatawa

Idan kana cikin masu leƙa YouTube ko TikTok da daddare, kuma ka taɓa neman wani abu game da kamun kifi, da wuya a ce ba ka ci karo da shi ba. Wani Bature a tsaye cikin jirgin ruwa mai inji, ya zura siririn zare a ruwa, ya ɗan karkaɗa sandar fatsa, kafin ka ƙifta ido ya ɗago kifi mai ƙaton baki. Sai ya juyo ya ce maka wannan ɗauri ba ya kuskure, duk ruwan da ka kai shi zai yi aiki. Sunan ɗaurin a bakinsu "dirof-shot", kifin kuma "bas". A nan za mu riƙa kiran ɗaurin dalma-ƙasa, domin haka siffarsa take.

Za ka iya cewa ina ruwan mutumin Ɗambatta ko Bagwai da wasan Amurkawa. To akwai. A arewacin Kano gona tana manne da gona, kuma da an gama girbi samari da dama kan koma bakin ruwa neman na cefane: madatsar Tomas a yankin Ɗambatta da Makoɗa, Watari a Bagwai, da ta Jakara a Wasai ta ƙasar Minjibir. Waɗannan madatsu suna cikin jerin da aka gina tun daga zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, da 'yan shekarun da suka biyo baya. Yanzu waya tana hannun kowa. Saurayin da ya kalli bidiyo goma yana iya ɗaukar kuɗin gyaɗarsa ya yi odar sanda da zare da tanar roba, yana sa ran abin da ya gani. Don haka ya dace a auna waɗannan bidiyoyi kamar yadda ake auna kowane iƙirari: me ke cikinsu na gaskiya, me aka tsallake?

Hukuncina a taƙaice: dabarar tana da tushe mai kyau a kimiyya, amma yadda ake koyar da ita yana da rauni. Ana ba ka yadda ake yi, ba a gaya maka dalili. Wanda bai san dalili ba kuwa ba zai san abin da zai sauya ba idan ruwa ya sauya.

Yadda ɗaurin yake

Fatsar da muka saba da ita tun muna yara, ƙugiya ce a ƙarshen zare, ɗan nauyi a samanta, sai totuwar kara ko guntun silifa yana yawo a kan ruwa. Dalma-ƙasa ya juya wannan tsari. Nauyin ne a can ƙarshen zare, ƙugiya kuma a ɗaure a jikin zaren, sama da nauyin da kamar santimita 30 zuwa 45, wato wajen kamu ɗaya.

Ana ninka zaren biyu, a zura ta idon ƙugiya, a yi ƙulli guda sako-sako, a ratsa ƙugiyar ta cikin madaukin da ya rage, a jiƙa, a ja ya ɗaure. Wannan ƙulli shi ake kira Palomar. Ana barin jelar zaren da tsawo, sai a sake zura ta ta idon ƙugiyar daga sama zuwa ƙasa. Wannan mataki na ƙarshe shi ne ke sa ƙugiya ta tsaya a miƙe daga jikin zare, bakinta yana kallon sama. A ƙarshen jelar ake maƙala nauyi, yawanci giram 3.5 zuwa 10. A jefa, a bari nauyin ya taɓa ƙasa, a ɗan tsaurara zare, sannan a riƙa girgiza kan sanda a hankali ba tare da an ɗaga nauyin ba. Abincin da ke kan ƙugiya sai ya yi ta rawa a wuri guda.

Daga ina ya fito?

Wannan tambaya ita ce mabuɗin komai, kuma yawancin bidiyoyin ba sa taɓa ta. Kifin bas ɗan Arewacin Amurka ne. An kai shi Japan a 1925, aka zuba a tafkin Ashi, daga nan ya yaɗu har ya cika manyan tafkuna irin su Biwa, har ta kai a 2005 gwamnatin Japan ta sa shi cikin jerin baƙin halittu masu ɓarna. Masu kamun kifi na nishaɗi sun yi yawa a waɗannan tafkuna, kifin ya saba da ganin manyan abubuwan yaudara yana ƙin su. A wannan yanayi ne ɗaurin ya yi suna a shekarun 1990. Ana danganta yaɗuwarsa da wani masunci mai suna Haruhiko Murakami, wanda ya raɗa masa suna "tsunekichi", ma'ana kamar a ce kullum sa'a. Daga can ya tsallaka Kalifoniya, inda 'yan gasa irin su Aaron Martens suka shahara da shi a madatsu masu zurfi da ruwa garau.

Ka lura da abubuwa uku a wannan tarihi. Ruwan yana da haske. Kifin yana farauta da ido. Kuma kifin ya ƙosa da masu neman sa, sai an lallaɓa shi da ƙaramin abu mai motsi kaɗan. An ƙera ɗaurin ne don wannan matsala takamaimai.

Haka kuma cewa sabon abu ne da bai taɓa zuwa duniya ba, talla ce. Masuntan teku a Turai sun daɗe da ɗaurin da suke kira "fatanosta", nauyi a ƙasa, ƙugiyoyi a jere a sama. Abin da Japanawa suka ƙara shi ne siririn zare, ƙaramar ƙugiya a manne da zaren, da salon girgizawa.

Abin da bidiyoyin suka yi daidai

A ba kowa haƙƙinsa. Akwai fa'idoji huɗu da ba sa buƙatar kifin Amurka kafin su tabbata.

Na farko, abincin ƙugiya ba ya nutsewa cikin taɓo. Madatsunmu na arewa suna kewaye da gonaki, duk damina ruwa yana kwaso ƙasa da taki yana jibgewa a ciki. Ƙasan ruwan laka ce mai laushi. Idan nauyi yana sama da ƙugiya ka bar shi ya sauka, tanarka takan shige laka ko ta ɓuya cikin ruɓaɓɓen ganye.

Na biyu, hannunka yana ji. A fatsar gargajiya nauyin yana tsakaninka da ƙugiya, sai kifi ya motsa nauyin kafin saƙo ya iso maka. A dalma-ƙasa babu komai tsakanin ƙugiya da yatsanka sai zare.

Na uku, kana iya tsayar da abinci a wuri guda, misali a gefen kachalla ko kusa da kututturen da ruwa ya cinye, ba tare da iska ta tafi da shi ba.

Na huɗu shi ne mafi muhimmanci, kuma shi ne aka fi yin sakaci da bayaninsa: kai kake zaɓen tsayin da abincin zai tsaya daga ƙasa. Me ya sa wannan ya zama babban abu? Saboda iskar oksijin ba ta rarrabu daidai a cikin ruwa ba. Ruwa mai zafin digiri 20 yana iya riƙe kusan miligiram 9 na oksijin a lita guda, amma a digiri 30 bai wuce 7.5 ba. Sannan ƙwayoyin bakteriya da ke ruɓar da tarkace a cikin laka suna cinye oksijin ɗin da ke daf da ƙasa. A bazara, wajen Afrilu da Mayu, ruwan sama yana ɗumi ya yi sauƙi, ya zauna a kan na ƙasa mai ɗan sanyi da nauyi. Inda akwai zurfi, kamar kusa da bangon madatsa, sassan biyu ba sa gauraya sosai, na ƙasa sai ya rasa iska. Da hunturu ya kama, saman ruwa ya yi sanyi ya nutse, iska ta kaɗa, sai su cakuɗe. Ko a wuri mara zurfi, oksijin yakan fi ƙaranci da asuba, domin gansakuka da ciyayin ruwa sun kwana suna shaƙa ba sa samarwa. A Wasai abin ya fi tsanani, domin rafin Jakara yana ɗauko ƙazantar birnin Kano, rafin Getsi kuma yana kawo ruwan masana'antun Bompai.

Ka ga kenan, wani lokaci kamu ɗaya ko biyu daga ƙasa shi ne bambancin inda kifi yake da inda ba ya iya zama.

Inda suka kasa

Matsala ta farko ita ce hasken ruwa. Hausawa sun ce kifi na ganinka mai jar koma, amma sai in ruwan ya bari. Tanar roba ba ta da amfani sai an gan ta. A damina da bayanta ruwan madatsunmu ja ne ko ruwan ƙasa, wani lokaci ka tsoma hannu zuwa gwiwar hannu ba ka ganin yatsunka. Akwai gwaji mai sauƙi da masana ruwa ke amfani da shi tun 1865, lokacin da Angelo Secchi ya gwada shi a tekun Bahar Rum: a ɗaura farin faifai a igiya, a zura a ruwa, a auna zurfin da ya ɓace wa ido. Kai ma za ka iya da farin murfin kwano da dutse a ƙarƙashinsa. Idan murfin ya ɓace kafin kamu ɗaya, kada ka sa rai wani kifi zai hango 'yar roba daga nesa. Ban ga wannan gwaji a bidiyoyin da ke cewa "ko ina yana aiki" ba, alhali shi ya kamata a fara da shi.

Ta biyu, kifin. Bas ba kifin ruwanmu ba ne. Abin da mai fatsa a Tomas ko Watari ya fi haɗuwa da shi shi ne karfasa da tarwaɗa. Karfasa tana da ƙaramin baki, abincinta galibi gansakuka ne da ƙananan halittun ruwa da tarkacen ganye. Takan ci tana ta gaske a ƙaramar ƙugiya, amma robar da ta kai tsawon yatsa ba abincinta ba ce. Tarwaɗa kuma ido ba shi ne makaminta ba. Gashin bakin nan nata guda takwas cike yake da ƙwayoyin ɗanɗano, da su take lalube, kuma ta fi kiwo da dare. Tana da wata gaɓa a saman ƙoramun numfashinta da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa kake ganin ta taso ta kaɗa ruwa ta koma. Saboda haka ƙarancin oksijin a ƙasa bai dame ta kamar sauran ba, kuma wari da ɗanɗano ne ke jawo ta. Ga tarwaɗa, hanjin kaza ko tana a kusa da ƙasa ya fi roba mai rawa nesa ba kusa ba.

Kifinmu da ya fi kama da bas a ɗabi'a shi ne giwan ruwa, wanda ake alfahari da kama shi a bikin Argungu. Mafarauci ne mai amfani da ido, yana son ruwa mai wadatar oksijin, yana fakewa kusa da duwatsu da itatuwa. Sai dai giwan ruwa yana iya kai tsawon mita 2, zaren da aka tsara don kifi mai kilo ɗaya ko biyu kuwa ba zai riƙe babba ba. An fi samun sa a manyan koguna da manyan tafkuna. Duk wanda zai neme shi da wannan ɗauri sai ya ƙara kaurin zare da girman ƙugiya, ya sa ƙaramin kifi a matsayin abinci.

Ta uku, maganar zare "mara ganuwa". Za ka ji ana cewa dole ka sayi zaren fulorokabon domin kifi ba ya ganinsa. Ga abin da ke ƙarƙashin maganar. Abu mai haske-haske yana ɓacewa a ruwa ne idan yana lanƙwasa haske daidai da yadda ruwa ke lanƙwasa shi. Ma'aunin ruwa 1.33 ne, na fulorokabon kusan 1.42, na nailan kusan 1.53. Fulorokabon ya fi kusa, gaskiya ne, amma 1.42 ba 1.33 ba ne, yana nan ana ganinsa. A ruwan da farin murfin kwano ma yake ɓacewa kuwa, biyan ƙarin kuɗi don wannan ɗan bambanci asara ce kawai. Zaren nailan na kasuwa ya wadatar.

Ta huɗu, an mai da santimita 30 zuwa 45 kamar doka. Wannan awo ya fito ne daga inda bas ya saba tsayawa a irin nasu ruwan. A namu, tsawon jela ya danganta da kaurin laka, tsayin ciyawar ƙasa, lokacin shekara, da kifin da kake nema. Ga tarwaɗa taƙi ɗaya yana iya isa. Ga karfasa a wurin da ciyawa ta yi tsawo, sai ka ɗaga sama da kan ciyawar.

Ta biyar, yadda ake haɗa bidiyon kansa. Mutum ya wuni awa takwas a ruwa, ya nuna maka minti goma. Ranakun da bai kama komai ba ba sa fitowa. A jirginsa akwai na'urar da ke aika sauti ƙasan ruwa tana nuna masa kifi a allo, wato ya riga ya san inda kifin yake kafin ya zura zare. Sau da yawa kuma kamfanin da ke sayar da kayan ne ke ɗaukar nauyinsa. Babu fatsa ta biyu da aka ɗaura a tsohon salo a gefe don a kwatanta. A ma'aunin bincike, wannan shaida ce mai rauni ƙwarai: an zaɓo nasarori an zubar da sauran. Ƙari a kan haka, shi wasa yake yi, ya kama ya ɗauki hoto ya saki. Kai kuwa kana lissafin kilo nawa za ka kai gida ko kasuwa kafin magariba. Fatsa ɗaya da sai ka tsaya kana girgizawa ba za ta yi gogayya da kalli ko mamari wajen yawa ba. Inda ta fi su shi ne zaɓe: girman ƙugiya yana tace ƙananan kifi, saɓanin raga mai ƙananan ido da ke kwashe har 'ya'yan da ba su kai haihuwa ba.

Maganar dalma

Wannan ce ta fi damuna. Nauyin da ake sayarwa don wannan ɗauri yana da ɗan matsi a kansa, an yi shi ne yadda idan ya maƙale a dutse zai zame ya bar maka ƙugiya. A bidiyo ana yabon wannan a matsayin hikima. Fassararsa ita ce duk maƙalewa guda, guntun dalma guda ya zauna a ruwa. Tsuntsayen ruwa sukan haɗiye irin waɗannan tare da tsakuwar da suke ci don niƙa abinci. A 1987 Ingila ta haramta nauyin dalma na fatsa daga giram 0.06 zuwa 28.35, bayan an ga yadda yake kashe wasu manyan tsuntsayen ruwa masu dogon wuya, dangin dinya. Nauyin dalma-ƙasa yana tsakiyar wannan awo.

A wajenmu haɗarin ya fi kusa da mutum. Wanda ba zai iya sayen na kanti ba yakan fasa tsohon batirin mota ya narka dalmar a gida, a tsakar gidan da yara ke rarrafe, wani ma ya matse ta a zare da haƙori. Ba mu manta da Zamfara a 2010 ba, inda ƙurar dalma daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400. Girman abin ba ɗaya ba ne, amma gubar ɗaya ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jiki da aka san ba shi da illa. Madatsun nan kuma da su ake ban-ruwan tumatir da albasa, a cikinsu dabbobi ke sha.

Masu bidiyo sukan ce a koma tangistin, ƙarfen da ya fi dalma nauyi amma tsadarsa ta wuce aljihun mai su na ƙauye. Akwai hanya mafi sauƙi. Abu yana rasa nauyi a ruwa gwargwadon ruwan da ya ture: dalma tana rasa kusan kashi 9 cikin 100, baƙin ƙarfe kashi 13, dutse kusan kashi 38. Ka ga tsakanin dalma da ƙarfe bambancin kaɗan ne. Tsohon noti daga wurin bakanike, a wanke masa baƙin mai, zai yi aikin. Tun da nauyin yana can ƙasa nesa da ƙugiya, girmansa ba ya tsorata kifi sosai. Ka ɗaura shi da zare mafi rauni fiye da na sama, in ya maƙale shi kaɗai zai tsinke.

Ka gwada da kanka, amma gwaji na adalci

Kada ka yarda da Baturen bidiyo, kada kuma ka yarda da ni haka kawai. Ka fara da neman izinin Sarkin Ruwa ko shugabannin masunta na wurin, ka kuma tambaye su inda kifi ke taruwa a wannan wata, domin sun riga kowace na'ura sanin ruwan. Sai ka haɗa fatsa biyu, zare iri ɗaya, ƙugiya iri ɗaya, tana daga gwangwani ɗaya. Ɗaya a tsohon ɗauri, ɗaya dalma-ƙasa da noti. Ka jefa su kusa da juna, duk rabin awa ka musanya musu wuri, don kada sa'ar wuri ta ruɗe ka. Ka rubuta kwanan wata, lokaci, zurfin da murfin kwano ya ɓace, tsawon jela, irin kifi da adadinsa. Ranar da ba ka kama komai ba ita ma ka rubuta, ita ce bidiyo ke ɓoyewa. Fita ɗaya ko biyu ba ta isa a yanke hukunci ba, ka yi aƙalla goma a bazara, ka sake goma a hunturu.

Abin da nake tsammani, bisa dalilan da na kawo, shi ne dalma-ƙasa zai fi nuna kansa a wurin laka da ciyawa a lokacin zafi, musamman ga karfasa, bambancin kuma ya ragu idan tarwaɗa ake nema da dare. Wannan hasashe ne, littafinka ne zai tabbatar ko ya ƙaryata shi. Abin da gwajin zai ci maka bai wuce ƙugiya biyu da ƙullin zare da tsohon noti ba. Sanda mai tsada da tanar roba su jira sai lissafin ya nuna akwai dalilin sayensu.